Yadda ɗan tseren Beljiyam ke shiga tawagar miƙa sanda ta ƙasa, da yadda yake riƙe gurbinsa

A watan Agustan 2008, a gasar Olamfik ta Beijin, mata huɗu 'yan Beljiyam, Olivia Borlée da Hanna Mariën da Élodie Ouédraogo da Kim Gevaert, sun zagaye fili da sanda cikin sakan 42.54 a tseren miƙa sanda na 4x100, inda mutum huɗu kowa ke gudun mita 100. Raba wannan lokaci gida huɗu ka gani: kowace ta cinye mita 100 ke nan a kusan sakan 10.64. Alhali wadda ta fi su sauri, Gevaert, iyakar abin da ta taɓa yi ita kaɗai shi ne 11.04. Ratar ta fito ne daga abu biyu. Uku daga cikinsu a guje suka karɓi sanda, ba daga tsaye suka tashi ba, sannan sandar ba ta rage gudu ba sa'ad da take canja hannu. A wannan gasa sandar matan Amurka ta faɗi tun a zagayen share fage, matan Jamaika kuwa, waɗanda suka kwashe duka lambobin tseren mita 100 kwanaki kaɗan kafin nan, suka kasa miƙa wa juna a zagayen ƙarshe. Beljiyam ta zo ta biyu a bayan Rasha, kuma a 2016 aka ƙwace zinaren daga Rasha saboda gwajin ƙwayoyi aka ba Beljiyam.

Ƙasar da mutanenta ba su kai miliyan 12 ba da wuya ta riƙa fitar da wanda zai ci duniya shi kaɗai kowace shekara. Amma mutum shida ko takwas masu gudu daidai gwargwado, waɗanda suka san hannun juna kamar yunwar cikinsu, wannan tana iya samu. Shi ya sa ga yawancin 'yan gajeren tsere na Beljiyam, tseren miƙa sanda ne ƙofar shiga manyan gasanni, kuma shi ne ke tsawaita zamansu a can. Wanda ya ɗauke shi a matsayin ƙarin aiki bayan an gama nasa tseren, ba zai daɗe a tawaga ba.

Daga kulob zuwa rigar ƙasa

Farkon abu rajista da kulob. Wasannin guje-guje a Beljiyam sun rabu bisa harshe: kulob-kulob na yankin masu Holanci suna ƙarƙashin Atletiek Vlaanderen, na masu Faransanci suna ƙarƙashin LBFA, su biyun kuma suna haɗuwa a hukumar ƙasa guda, wadda ke fitar da tawaga zuwa gasar Turai da ta duniya. Zuwa Olamfik kuwa sai da sa hannun kwamitin Olamfik na ƙasar. Tallafin kuɗi da kwantiragin manyan 'yan wasa ma ta yankuna yake bi, Sport Vlaanderen a arewa, ADEPS a kudu. Ka san ɓangaren da kake tun wuri, ka karanta ƙa'idar zaɓe da ake fitarwa kafin kowace kaka: lokacin da ake nema, ranar rufe ƙofa, da gasannin da dole a gan ka a ciki. Mutane da yawa suna yin lokacin da ake so mako ɗaya bayan an rufe.

Tsani a bayyane yake. Akwai gasar matasa 'yan ƙasa da shekara 20 ta Turai da ta duniya, sai ta 'yan ƙasa da 23 ta Turai, sannan ta manya. Jonathan Sacoor ya ci mita 400 a gasar duniya ta matasa a Tampere cikin 2018, kuma a wannan bazarar ya shiga tawagar manya ta 4x400 (mutum huɗu, kowa mita 400) da ta ci zinaren Turai a Berlin. Tagwayen gidan Borlée, Kevin da Jonathan, sun bi ta jami'ar Florida State a Amurka. Hanya ce mai kyau, amma tana da tarko: kakar jami'o'in Amurka tana farawa tun Janairu ta ƙare a Yuni, don haka ɗan wasa kan dawo Turai da gajiyayyun ƙafafu daidai lokacin da ƙasarsa ta fi buƙatarsa. Duk mai bin wannan hanya ya sa kocinsa na can da na gida su daidaita yawan gasannin da zai shiga.

Lokacinka na kai kaɗai shi ke sa a kira ka sansanin tawaga. Abin da ke sa a bar ka a ciki daban ne: zuwa kowane atisayen haɗin gwiwa, yarda da duk matsayin da aka ba ka, da kuma kasancewa wanda sanda ba ta samun matsala a hannunsa.

Sandar da dokarta

Sandar bututu ce mai santsi, tsawonta santimita 28 zuwa 30, kaurinta kusan santimita 4, nauyinta bai gaza giram 50 ba. Ba a sa safar hannu, ba a shafa wani abu mai danƙo don ta kama. A tseren 4x100 yankin miƙawa mita 30 ne tun kakar 2018. Kafin nan mita 20 ne, da wasu mita 10 na ɗaukar gudu a bayansa, don haka idan kana kallon tsoffin faifai kamar na Beijin, ka tuna da wannan bambanci. A 4x400 yankin mita 20 ne. Mai karɓa dole ya fara gudunsa daga cikin yankin.

Abin da alƙalai ke kallo shi ne inda sandar take, ba inda jikin mutum yake ba. Miƙawa tana farawa lokacin da mai karɓa ya taɓa ta, tana ƙarewa lokacin da ta zama a hannunsa shi kaɗai, kuma duka biyun dole su faru a cikin yankin. Ƙafarka na iya tsallake layin ƙarshe, muddin hannunka na baya ya riga ya mallaki sandar kafin ita ta tsallake. Idan ta faɗi, wanda ya yar da ita ne zai ɗauka. Yana iya fita layinsa ya ɗauko, in bai tare wa kowa hanya ba kuma bai rage wa kansa nisa ba. Faɗuwar sanda ita kanta ba kora ba ce, don haka kada a tsaya riƙe kai, a ɗauka a ci gaba.

Tsarin 4x100: hannu, gefe da alama

Ka'idar ita ce sanda ta bi tsakiyar layi, mutane su kauce mata. Faɗin layi mita 1.22 ne, ya ishi mutum biyu idan kowa ya riƙe gefensa. Na farko yana riƙe da hannun dama, yana bin gefen ciki saboda kwana. Na biyu yana tsayawa a gefen waje ya karɓa da hagu. Na uku da dama a gefen ciki, na huɗu da hagu a gefen waje. Ba a canja wa sanda hannu a tsakiyar gudu. Idan mai karɓa ya karkato tsakiyar layi, mai kawowa zai taka masa dunduniya, ko kuma ya rage gudu don gudun hakan.

Wa za a sa a ina? Na farko shi ne mai tashi da kyau daga matokarin ƙafa, wanda ba ya riga bindiga, domin tun 2010 kuskure ɗaya a tashi kora ne, kuma duk wanda ya motsa ƙasa da sakan 0.100 bayan harbi ana lissafa shi ya riga. Na biyu shi ya fi kowa aiki: yana karɓa, yana miƙawa, da hannun hagu, kuma ana iya tsawaita masa nisa ta hanyar ba shi sanda da wuri a karɓe ta a makare. Na uku dole ya iya kwana. Na huɗu mai sanyin zuciya ake so, wanda jin numfashin wani a kafaɗarsa ba ya sa jikinsa ya sandare. Ba dole ne mafi sauri ya zama na ƙarshe ba, kodayake a Beijin Gevaert ce ta rufe.

Yanzu batun alama, wanda nan ne ake cin tsere ko a zubar da shi. Doka ta ba mai karɓa damar manna salatif guda ɗaya a cikin layinsa, wanda bai wuce santimita 5 a faɗi da 40 a tsawo ba. Daga inda zai tsaya, yana aunawa baya da tafin ƙafarsa, dunduniya na taɓa yatsa, sanye da takalmin da zai yi tseren da shi. Ga manyan maza awon yakan faɗa tsakanin tafi 25 zuwa 30, ga mata ƙasa da haka kaɗan, amma wannan wurin farawa ne kawai. Ainihin lambar ta mutum biyu ce takamaimai. Idan aka canja mai kawowa, lamba ta canja.

Ga yadda ake nemo ta. Mai kawowa ya taso daga nisan aƙalla mita 50 zuwa 60 da cikakken gudu. Mai karɓa ya tsaya a rankwafe, yana kallon baya ta gefen da abokinsa zai biyo, idonsa a kan salatif. Da ƙirjin mai kawowa, ko ƙafarsa, duk wanda aka yi yarjejeniya a kai, ya iso kan alamar, sai ya juya ya tashi kamar an harba bindiga, ba waiwaye. Mai kawowa ne ke da ido, shi zai kira idan ya ga saura kamar taki biyu ya cim masa. Mai karɓa ya miƙa hannu baya ya tsayar da shi cak. Wurin da ake so sandar ta canja hannu shi ne kashi na ƙarshe na yankin, wajen mita 20 zuwa 25 daga farkonsa, inda mai karɓa ya riga ya ɗauki gudu kuma akwai sauran fili idan an samu tangarɗa. Idan mai kawowa ya cim masa da wuri har yana taka burki, alamar ta yi kusa, a ƙara tafi ɗaya ko biyu. Idan yana miƙa hannu bai kai ba, ta yi nisa, a rage. A riƙa gyara da tafi ɗaya ɗaya, a rubuta a littafi tare da yanayin iska na ranar.

Kada a yi fiye da gwaji huɗu zuwa shida na cikakken gudu a atisaye ɗaya, da hutun minti biyar ko fiye a tsakani. Alamar da aka auna da gajiyayyen mutum ƙarya take faɗa. Haka kuma wanda ya taso daga mita 30 a atisaye yana isowa da sauri fiye da yadda zai iso bayan ya yi mita 100 a gasa, shi ya sa ake buƙatar a gwada tawagar a ƙananan gasanni biyu ko uku kafin babbar. A ajiye waya a gefen fili a ɗauki bidiyo, a auna lokacin da sandar ta ɗauka daga shiga yankin zuwa fita. A gudun mita 10 cikin sakan ɗaya, asarar kashi ɗaya cikin goma na sakan mita guda ce cur, kuma miƙawa uku ake yi.

Salon miƙawa iri uku ne. Akwai na ɗagowa daga ƙasa, inda mai karɓa ke buɗe hannu yana kallon ƙasa a cusa sandar tsakanin babban yatsa da manuni. Yana da aminci, amma mutanen biyu sai sun matso kusa, kuma sandar tana ƙarewa a hannu: kowane mai karɓa yana samun guntun da ya fi na baya gajarta. Akwai na saukewa daga sama a kan buɗaɗɗen tafi. Sai na turawa, inda hannu ke ɗage kusan daidai kafaɗa, babban yatsa na kallon ƙasa, a tura sandar a tsaye cikin tafin. Waɗannan biyun na ƙarshe suna ba da kyautar kusan mita guda a kowace miƙawa, saboda hannaye biyu a miƙe suke. Na turawa ya fi dacewa da yawancin tawagogi a yau, amma salon da mutum huɗu suka maimaita sau ɗari ya fi wanda aka koya jiya, komai kyansa.

Wani abu da ya shafi Beljiyam musamman: a tawaga ɗaya za ka samu mai Holanci da mai Faransanci. Kalmar kira ta zama guda, gajeriya, mai gaɓa ɗaya, kowa ya saba da ita. Kuma a fili mai mutum dubu hamsin, da tawagogi takwas suna ihu lokaci ɗaya, ana iya rasa jin kiran gaba ɗaya. Don haka a yi yarjejeniya ta biyu: idan mai karɓa ya kai wani taki da aka ƙidaya bai ji komai ba, ya fitar da hannu da kansa.

Kurakuran da ke kashe tawaga kaɗan ne, kuma su ne dai kullum. Na farko tashi kafin lokaci. Zumuɗin gasa yana sa mai karɓa ya ga abokinsa ya iso alhali saura taki guda, sai ya gudu ya bar shi. Na biyu hannu mai lalube: mai karɓa ya ji shiru sai ya fara kaɗa hannu yana neman sanda, mai kawowa kuma yana bin hannun. Hannu ya tsaya wuri ɗaya, nemo shi aikin mai kawowa ne. Na uku sakin sanda kafin a ji an ja ta. Na huɗu, mai kawowa ya rage gudu da ya hango abokinsa, alhali kamata ya yi ya ƙudurta zai wuce shi. Na biyar, fita daga layi bayan miƙawa: ka tsaya a layinka har kowa ya wuce, in ba haka ba ka tare wani a kore ku bayan kun gama aikinku lafiya. Idan iska na turo mai kawowa daga baya, a ƙara wa alama tafi ɗaya. Idan tana dukansa a ƙirji, a rage. A zagayen share fage, tawagar da ta san tana da saurin wucewa ta rage tafi ɗaya don aminci, ta ajiye kasada sai zagayen ƙarshe.

4x400: inda Beljiyam ta fi suna

Tawagar maza da ake kira Belgian Tornados, wadda Jacques Borlée ya horar shekara da shekaru, ta ci zinaren Turai a Helsinki a 2012, Amsterdam a 2016, Berlin a 2018 da Rum a 2024. Ta ci gasar duniya ta cikin ɗaki a Belgrade a 2022 da Glasgow a 2024, ta samu tagulla a gasar duniya a Doha a 2019 da Eugene a 2022. A Olamfik kuwa ta huɗu ta zo a Rio, ta huɗu a Tokiyo da 2:57.88, ta huɗu a Paris da 2:57.75. Wannan lokaci na Paris yana nufin kowane mutum ya yi kusan sakan 44.4. Mai son shiga wannan tawaga ya san ma'aunin ke nan, tare da tuna cewa wanda ya karɓi sanda a guje yakan samu ragin fiye da rabin sakan a kan lokacinsa na tashi daga matokari. Tawagar mata, Belgian Cheetahs, ta samu tagulla a Rum a 2024.

Na farko yana zagayensa duka a layinsa, ba ya ganin inda yake sosai saboda tazarar da ke tsakanin wuraren tashi na layuka, don haka mai iya auna gudunsa shi kaɗai ake sa wa. Na biyu yana cin kwanar farko a layi, sai ya kai layin da aka jera wa ƙananan alamomi a farkon miƙaƙƙen baya, daga nan ya shigo ciki. Shigowa kafin alamomin kora ce. Shigowa a karkace kwatsam kuma asarar nisa ce da haɗarin karo. Ka saita idonka a kan bakin kwana ta gaba ka nufe ta a miƙe, kana da mita kusan 80 na yin hakan. Na biyu ne ke sama wa tawaga wuri a cikin cunkoso, shi ya sa ake son mai saurin mita 200 wanda ba ya tsoron kafaɗa.

Na uku da na huɗu alƙalai ne ke jera su, daga ciki zuwa waje, bisa matsayin abokansu lokacin da suka wuce alamar mita 200. Da an jera ku, ba a canja wuri, ko da abokinka ya wuce mutum uku a kwanar ƙarshe. Ana matsawa ciki ne kawai idan na ciki ya tafi, ba tare da ture kowa ba. An sha korar tawagogi a kan wannan.

Miƙawar nan da ido ake yin ta, kuma nauyin yana kan mai karɓa, domin wanda ke zuwa ya gama ƙonewa, ƙafafunsa sun yi nauyi, ganinsa ma ya rage. Ka karanta yadda yake isowa. Idan da ƙarfinsa, ka tashi da wuri, taki biyu ko uku masu sauri, ka juyo kana fuskantar cikin fili ka miƙa hannun hagu a daidai ƙirjinsa. Idan yana tangaɗi, ka jira shi. Kai za ka cire sandar daga hannunsa, kada ka jira ya ba ka. Kana karɓa ka mayar da ita hannun dama, ka fice daga cunkoson kafin ka shiga kwana.

Rabon ƙarfi shi ne babban darasi. Masu horarwa sukan ce mita 200 na farko ya kasance kusan sakan ɗaya a bayan mafi kyawun lokacinka na mita 200, rabi na biyu kuma ya fi na farko jinkiri da sakan ɗaya da rabi zuwa biyu. Riƙe sanda yana ruɗar mutum ya manta da wannan. Wanda aka ba shi yana baya da mita goma yakan so ya biya bashin duka a miƙaƙƙen baya, sai ƙafa ta ƙare masa saura mita 60. Wanda aka ba shi yana gaba ma haka. A Berlin a 2018 Sifaniya ce ke gaba da tazara mai kyau a zagaye na huɗu, amma mai rufe mata ya ƙone a miƙaƙƙen ƙarshe, Kevin Borlée ya wuce shi, Birtaniya ma ta wuce. Bashin mita goma a hankali ake biyansa cikin mita 300, a bar sauran ga ƙarshe. Kada ka yi ƙoƙarin wuce mutum a kan kwana in ba dole ba, domin bin layi na biyu a kwana guda yana ƙara maka kusan mita uku da rabi. Ka lafe a kafaɗarsa ta dama, ka fito da an miƙe.

A cikin ɗaki fili mita 200 ne, kwanoninsa a karkace, kowa zagaye biyu yake yi, miƙaƙƙen kuma gajere ne, don haka wurin wucewa kaɗan ne kuma wanda ya riga shiga gaba ya samu riba babba. Duk da haka a Glasgow Alexander Doom, wanda ya riga ya ci mita 400 na kai kaɗai a gasar, ya bi ɗan Amurka a baya har miƙaƙƙen ƙarshe sannan ya wuce shi, 3:02.54 da 3:02.60. Manyan ɗakunan tsere na Gent da Louvain-la-Neuve su ne wurin koyon wannan a lokacin sanyi.

Tseren 4x400 na haɗakar maza da mata ya buɗe ƙarin gurabe. Ya shiga gasar duniya a 2019 da Olamfik a Tokiyo, kuma yanzu jerinsa a ƙayyade yake: namiji, mace, namiji, mace. Wahalarsa bambancin gudu ne a wurin miƙawa. Macen da ke karɓa daga namiji ta tashi da wuri fiye da yadda ta saba, namijin da ke karɓa daga mace ya danne zumuɗinsa. Beljiyam ta zo ta huɗu a wannan tsere a Paris.

Zama ɗan benci, da abin da ke bayan fili

Bayan tawaga ta fara gasa, doka ta yarda a shigo da ƙarin mutum har huɗu a zagaye na gaba. Wannan ya sa na biyar da na shida suke da daraja: su ke gudu a share fage don a hutar da wanda ke da tseren kansa, kuma idan an ci lamba a ƙarshe su ma suna samu. Ɗan benci ya koyi aƙalla matsayi biyu, ya san lambar alamarsa da kowane abokin da zai iya kawo masa, ya ɗumama jiki ranar ƙarshe kamar shi zai shiga, domin jijiyar bayan cinya ba ta sallama kafin ta tsinke.

Tikitin manyan gasanni na tawaga ne, ba na mutum ba. Na Olamfik ɗin Paris, tawagogi 14 cikin 16 na kowane tsere sun samu nasu ne a gasar miƙa sanda ta duniya da aka yi a Nassau cikin Mayun 2024, sauran biyun aka ɗauka bisa lokaci. Ma'ana, dole jiki ya kasance a shirye tun farkon Mayu, sannan a sake kai shi ƙololuwa a Agusta. Wanda ya yi kakar cikin ɗaki har Maris ya ɗauki hutun mako guda, ya koma aikin tushe na 'yan makonni kafin ya sake ɗaukar sauri. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Sai maganar gwajin ƙwayoyi, inda wake ɗaya ke ɓata gari. Zinaren Beijin ya bar hannun Rasha ne saboda an sake gwada samfurin mutum ɗaya, Yuliya Chermoshanskaya, aka samu haramtaccen sinadari, duka huɗun suka rasa. Matan Beljiyam sun karɓi nasu a gasar Memorial Van Damme a Brussels, shekara takwas bayan tseren. Duk abin da aka samu a jikinka kai ke da alhakinsa, ko da daga maganin mura ne ko garin ƙarin kuzari da aka gurɓata. Ka nuna wa likitan tawaga kowane magani kafin ka sha, kuma idan kana da ciwon da ke buƙatar haramtaccen magani, a nemi izini a rubuce tun kafin gasa. Idan an sa ka cikin jerin waɗanda ake bibiya, za ka riƙa shigar da inda kake a manhajar ADAMS, da awa ɗaya a kowace rana da za a same ka. Kuskure uku cikin wata 12 laifi ne mai jawo dakatarwa ko da jininka tsaf yake. Yawanci a ranakun tafiya ake faɗawa wannan rami, jirgi ya makara ko an canja otal ba a gyara bayanin ba. Ka gyara tun kana filin jirgi.

Ranar gasa

Ka sa salatif naka a jaka, mai launin da ya bambanta da na filin, ka yanka shi daidai awo tun a masauki, kodayake a manyan gasanni masu shiryawa kan ba da nasu. Idan an yi ruwa, ka goge wurin da tawul kafin ka manna, in ba haka ba zai tashi. A filin ɗumama jiki ku yi miƙawa a tafe, sannan a sassarfa, sannan ɗaya ko biyu da gudu sosai. Jerin sunayen da koci ya miƙa wa alƙalai shi za a bi, gudu da wani jeri daban da wanda aka miƙa kora ne. Da an kai ka yankinka, ka tabbatar da layin farko da na ƙarshe na yankin da idonka, domin filin cike yake da layuka masu launi iri iri kuma ba kowane fili ne ke amfani da launi ɗaya ba. Ka auna alamarka sau biyu. Ka duba lambar layinka, ka tuna rigar da za ka jira, saboda ƙasashe da dama suna sa ja ko baƙi.

A kwana ka bar ɗan tazara tsakaninka da layin ciki. Tun ƙarshen 2021 ana yafe taɓa layin sau ɗaya, amma ana rubuta shi a kan tawagar, na biyu kuma kora ne ko da wani abokinka ne ya yi a wani zagaye. Idan an kore ku, ko an ture ɗayanku, minti 30 kawai kuke da su daga fitar sakamako a hukumance don shigar da ƙorafi, ɗaukaka ƙara kuma a rubuce ake yi tare da ajiye dalar Amurka 100 ko kwatankwacinta. Saboda haka duk abin da ya faru a yankinka, ka faɗa wa jagoran tawaga nan take, da layin da abin ya faru da ƙasar da ta taɓa ka, kafin ka wuce wurin 'yan jarida.